Jerin Mujallun da Bahijja Ta Bari

Sai da aka yi sadakar arba'in ɗin Bahijja sannan 'yan'uwanta suka zo unguwar Sheshe kwashe kayan ɗakinta. Mijinta, Malam Mikail, yana zaune a soro yana jin ƙarar kwanuka, sai ƙanwarsa Sa'adiyya ta fito da wata leda ta ajiye masa a gefen tabarma.

"Yaya, wannan ba kayan rabo ba ne. Rubutunta ne."

Littattafai huɗu ne irin na 'yan makaranta. Ya san su. Shekara goma sha ɗaya suka yi tare kafin ciwon ƙoda ya ɗauke ta. Shi yana sayar da hula a Kasuwar Kurmi, ita tana ɗinka masa a gida, in idonta ya gaji da allura sai ta ɗauki biro. 'Yan gajerun labarai take rubutawa, wani layi goma, wani da ƙyar ya cika shafi. Ba sau ɗaya ba ta ce masa, "Malam, in karanta maka ɗaya?" Ya ce bari ya ci abinci tukuna, daga nan kuma ya kunna rediyo. Ranar da ta roƙe shi ya tambayar mata masu buga littattafai, dariya ya yi.

"Wa zai buga abin da bai kai wasiƙa tsawo ba? Ki rubuta babban littafi mu gani."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

A bangon ƙarshen littafi na huɗu ya tarar da wani jeri. Sunayen mujallu ne da shafukan intanet, guda goma sha biyu, kowanne da ɗan bayani a gefe. Wannan ba sa karɓar Hausa. Wancan sai labari ya kai kalma dubu biyu. Wasu sun daina fitowa. Uku ta zagaye da jan biro, ta rubuta a ƙasa: "Suna karɓar gajere. In na warke." Ashe duk zaman da take yi a layin asibiti riƙe da waya, abin da take nema ke nan, shi kuwa ya ɗauka hira take yi da ƙawayenta.

Sa'adiyya malamar firamare ce, ta fi shi sanin waya. Ta duba ukun nan. Ɗaya shafinsu ya ƙi buɗewa, ɗaya sun rufe karɓa sai baɗi. Na ukun, wata mujallar intanet, suna karɓar ƙagaggen labari ko na gaskiya, muddin bai wuce kalma ɗari uku ba.

"Wanne za mu tura, Yaya?"

Ko ɗaya bai taɓa karantawa ba.

Mako guda ya yi yana karanta su a shago, in mai saye ya zo ya kife littafin a cinya. Akwai na wata mai awara da take gane masu saye da tarinsu. Akwai na tsohuwar maƙwabciyarsu da tantabarunta. Akwai na matan da suke haɗuwa wajen wankin ƙoda, yadda suke daina tambayar wadda ba ta zo ba. Wasu sun ba shi dariya. Wanda ya fi tsaya masa a rai layi goma sha huɗu ne kacal. Wata mata ce tsaye a bakin ƙofar ɗaki, mijinta yana ciki yana jin labarai. Ta kira shi sau ɗaya, bai juyo ba. Labarin ya ƙare da cewa, "Sai ta sunkuya ta ɗauki takalminta."

Wannan labarin ya ce a tura. Sa'adiyya ta kalle shi, ta buga labarin a waya da sunan Bahijja Umair.

Bayan sati biyar amsa ta zo. Sa'adiyya ta biyo ta kasuwa daga makaranta, ta zauna a kan bencin shagon ta karanta masa. Editar, wata Malama Sumayya, ta ce labarin ya burge su, za su buga. Sai dai tana da tambaya ɗaya ga marubuciyar. Matar nan, takalmin ta ɗauka don ta tafi, ko don ta shigar da shi ɗaki ta zauna? Idan Malama Bahijja za ta ƙara layi ɗaya, to, idan kuma da gangan ta bar shi haka, ta sanar da su. Ta ce kuma suna fatan wannan ba shi ne na ƙarshe ba.

Malam Mikail ya ɗauke kai daga hulunan da ke jere a gabansa, ya dubi Sa'adiyya.

"Ke mace ce," ya ce a hankali. "A ganinki tafiya ta yi?"

"Wallahi ban sani ba, Yaya. Ita kaɗai ta sani."

Ya sa ta rubuta musu gaskiya: marubuciyar ta rasu, mijinta ne ya turo, kuma bai san amsar ba. Da Sa'adiyya ta tambaye shi ko a ƙara wani abu, ya ce ta tura haka.

Malama Sumayya ta yi ta'aziyya, ta ce za su bar shi yadda mai shi ta bar shi. Labarin ya fito wata Talata. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa Bahijja Umair 'yar Sheshe ce, mai ɗinkin hula, ta rasu tana da shekara talatin da huɗu.

Sule, mai shagon turare na kusa da na Malam Mikail, ya karɓi wayarsa ya karanta har sau biyu.

"Allah ya jiƙanta. Ashe marubuciya kake aure, Malam, ba ka taɓa gaya mana ba."

Malam Mikail ya ce amin. Ya karɓi wayarsa, ya fara sauke hulunan daga rataye ɗaya bayan ɗaya. Ko azahar ba a kira ba ya rufe shagon.