Almakashi a Zanen Inna Fatimata

Da Inna Fatimata ta rasu a Kende aka raba 'yan kayanta, abin da ya zo hannun ɗiyarta Atika zane ɗaya ne, atamfa shuɗiya mai ganye-ganye, wadda tsohuwar ta sayo a hayin Benin tun tana iya taka ƙafarta zuwa kasuwa. Shekara biyu yana ƙasan akwati. Sai da Salamatu, 'yar farin Atika, ta samu makarantar koyon jinya a Birnin Kebbi, sannan uwar ta fito da shi, ta ce yarinya ba za ta tafi ba tare da wani abu na kakarta ba. Amma a ganinta 'yan matan birni sun bar ɗaura zane. Siket za a yi.

Atika na da keken ɗinki na ƙafa, hannunta kuma ba laifi. Sai dai ba ta taɓa aiki da tef ɗin awo ko takarda ba. Yadda ta koya shi ne a shimfiɗa tsohuwar tufa bisa sabon yadi, a bi gefenta da guntun sabulu, a yanka. Ta aro siket ɗin maƙwabciyarta Zuwaira, ta sa Salamatu ta gwada, ya zauna mata cif.

Da hantsi Goggo Mariyamu, ƙanwar marigayiya, ta shigo ta iske zanen shimfiɗe bisa tabarma, almakashi a gefe. Ta tsaya ta dafa sanda.

"Atika, mi za ki yi wa zanen Yaya?"

Atika ta gaya mata. Goggo ta ce zane ba ya yi wa mace kaɗan, ko ta rame ko ta yi jiki ko tana da ciki, a miƙa wa yarinya abinta yadda yake. Atika ta yi dariya, ta ce Goggo dai ta tsaya a zamaninta. Salamatu na bakin murhu tana jinsu. Ba wanda ya tambaye ta.

Siket ɗin Zuwaira gajere ne, Atika kuwa ba ta barin ɗiyarta ta fita ƙwauri a waje. Ta ƙara tsawo taƙi guda, ta buɗa ƙasan don a ji daɗin tafiya. Duk wannan ta yi shi da lura. Abin da bai faɗo mata ba shi ne yadin Zuwaira mai roba ne, idan an ja shi yana miƙewa ya bi jiki. Atamfa ba ta haka. Ta bi layin sabulu daidai wa daida, ta yanka, ta hau keke.

Bayan la'asar Salamatu ta shiga ɗaki ta gwada. Aka daɗe ba ta fito ba. Da Atika ta leƙa, ta iske siket ɗin ya cije a cinya, yarinya na ja a hankali don kada ya yage.

Atika ta warware ɗinkin gefe, abin da ta bari a ciki bai kai faɗin yatsa ba. Ta tattaro ƙyallayen da suka rage, duk gajeru ne masu kusurwa, ba wanda zai kai daga ƙugu zuwa ƙasa. Washegari ta nemo wani yadi shuɗi ta tsarga a gefe biyu. Siket ya shiga, amma shuɗin bai zo ɗaya ba, makaho kaɗai zai kasa ganin facin. Goggo ta ɗaga shi, ta juya, ta ajiye. Atika kuwa ta gwammace a zage ta.

Ranar tafiya mai mashin ɗin da zai kai Salamatu tashar Bagudo na jira a ƙofa. Yarinya ta ninke siket ɗin da kyau ta sa a jaka. Atika ta ce idan bai yi mata ba ta bar shi, ba dole.

"Zan tafi da shi, Inna," in ji ta. Ta ja zif ɗin jaka, kanta a sunkuye. "Da ma so na yi in riƙa lulluɓa da zanen in zan kwanta."

Atika ta raka ta har bakin hanya. Da ta dawo ta rufe keken da tsumma, ba ta buɗe shi ba har lokacin kaka.