Layar Injin Jelani

Namadi ya kwance tsumman a kan teburin Ɗanbaba, mai sayar da kayan inji a kasuwar Ƙaura, mataccen famfon man injin jirginsa na fito ya gangaro ya tsaya. Shago na huɗu ke nan tun safe, ga shi azahar ta wuce.

Ɗanbaba ya jujjuya shi, ya shiga ciki ya fito da kwali biyu.

"Na jirgin ruwa biyu sunka rage min. Ido bai raba su, cikinsu na daban. Ka sa wanda ba shi ba, shi tashi lahiya lau ga gaɓa, sai kun kai tsakar gulbi shi shaƙe. Mi al lambar injinka?"

Namadi bai san lambar ba. Ɗan ƙarfen da aka buga lambar a kai tsatsa ta cinye shi tun mahaifinsa Jelani yana raye.

"Alhaji, ba ni duka biyun in gwada."

"Ka gwada ina? Tsakar ambaliya da mutum ashirin?"

Namadi ya dubi kwalayen biyu. Gobe Alhamis, kasuwar Shinkahi, kuma gulbi ya cika ya tumbatsa. Ƙa'idar Sarkin Ruwa ce, ba ta yau ba: mai fiton da ya bar mutane a gaɓa ranar kasuwa, mashigar ta fita daga hannun gidansu. Dauda kuwa, da ya sayo sabon jirgi bana, tun shekaranjiya ya ɗaure shi a gindin kanya yana ta yi wa Namadi jaje, jajen da har haƙori ake gani. Mashigar nan tun kakansa take hannunsu.

"Motar Shinkahi ta ƙarshe da la'asar take tashi," in ji Ɗanbaba. "Babu wata takarda? Rasit? Komi?"

Namadi ya sa hannu a aljihu, ya ji layar. Jar fata ce da rana da ruwa suka mayar baƙa, shekara goma sha tara tana ɗaure a wuyan injin. Da asuba ya kwance ta, don kada a yi mata hannu yana nesa. Sai ya tuna. Ranar da aka kawo injin, ya ga mahaifinsa ya tsuguna da alƙalami yana kwafar wani abu daga jikin ƙarfen, da ya tambaya, sai tsohon ya ce masa, "Malam ba ya yi wa abu addu'a bai san sunansa ba."

Ya fito da ita. Ɗanbaba ya ja baya kaɗan.

"A'a, Namadi. Laya in an buɗe ta, ta karye. Kowa ya sani."

Shi ma ya sani. Ya san kuma akwai matan ƙetare da ba sa taka jirginsa sai sun shafa ta. A shekarun nan duka ko akuya ba ta taɓa nutsewa a hannunsu ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa gwanintar tuƙi ce. Tsoro ya kama shi sosai, ga kunyar tsohon da ke kabari. Daga tasha aka ji kwandasta yana kiran Shinkahi.

"Ara min reza."

Zaren ya yi tauri kamar waya. Ya ɓare fatar, ya warware wata leda da aka naɗe sau uku, sannan ga takarda ta yi ja. Ya buɗe a hankali yana jiran ya ga hatimi da ayoyi.

Babu. Bisimilla ce a sama, sai lambobi takwas, sai layi ɗaya na ajami da rubutun Jelani mai karkata: lambar inji, kada ruwa ya ci.

Ɗanbaba ya karanta, ya duba kwalayen, ya turo na hagu. Ya buɗe baki zai yi dariya, da ya ga fuskar Namadi ya fasa.

"Akwai baduku bayan masallaci," ya ce a hankali. "Maza, mota ba ta jira."

Da hantsin Alhamis gaɓa ta cika da buhunan gero, kaji da kwaryar nono. Ruwa ja wur, yana tafe da itatuwa. Sarkin Ruwa na zaune a kan buzunsa, Dauda na tsaye a bayansa. Namadi ya ja igiya sau ɗaya, sau biyu. A na uku injin ya kama, ya zauna daram.

Inna Kulsumu mai daddawa ce ta fara shiga. Ta dubi ruwan, ta yi salati, ta miƙa hannu ta shafa layar, ba ta ko lura da sabon ɗinkin ba.

"Ɗana, ruwan ga ya yi hushi yau," ta ce. "Amma in dai layar Jelani na nan, ni ban da tsoro."

Namadi ya dube ta, ya dubi mutum ashirin da ke biye da ita, kowa na miƙa hannu.

"Tana nan, Inna," ya ce. "Zauna ta tsakiya."

Ya yi bisimilla, ya riƙe sitiyarin da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba.