Soja Uku a Hoto Ɗaya

Tela yana tsakiyar taka keke, da allura biyu a bakinsa, sai 'yar maƙwabcinsa ta leƙo shagon.

"Kawu, Baba ya ce ka zo. Wai ka taho da tabaranka."

"Jikin ne?"

"Ka dai zo."

Ya soke allurorin a gaban rigarsa ya bi bayanta.

Maƙwabcin nan tsohon malamin makaranta ne. Duk layin Baba Maɓalli ake ce masa, amma a bayan idonsa. Shekara ashirin ke nan tun da ya yi ritaya yake bin diddigin kwat ɗin sojojin da: wanne ke da aljihu biyu, wanne huɗu, wanne aka rage wa maɓalli lokacin da yadi da tagulla suka yi wuya. Mutane sun ɗauka tsufa ne ya zo masa da wannan salo. Alhali hoto ne guda ya hana shi sakat. Sojoji uku ne a tsaye, danshi ya cinye fuskokinsu, kuma ɗayansu mahaifinsa ne, wanda ya tafi yaƙi tun ba a haifi Malam ba, kuma bai dawo ba. Sai bayan rasuwar mahaifiyarsa ya tsinci hoton a ƙasan akwatinta, babu sauran wanda zai tambaya. Shi ya sa ya koma tambayar riguna.

Tela kuwa ya sha wahalar wannan bincike. Malam zai zo da zane a takarda, ya ce a ɗinka masa murfin aljihu kaza da ƙyallen da ya rage, a sake, a ƙara rabin inci. Tun Tela na yi da marmari har ya koma yi masa abin da teloli suka fi ƙwarewa a kai, wato "gobe". Hoton kansa bai taɓa ganinsa ba, don Malam ya ce ko numfashi yana ɓata shi.

Ɗakin ya yi tsit. Hasken hantsi ya ratso labule ya kwanta a kan tarin littattafai, da kwalayen wasiƙu, da hannayen riga marasa jiki da aka rataya a ƙusa, duk ɗinkin Tela. Iska na ɗan kaɗa su, sai ka ce masu su ne ke gaisawa a hankali. Malam yana kishingiɗe, ya zama ɗan mitsitsi cikin bargo.

"Sarkin gobe," in ji shi. "Yau dai ka zo yau."

"Baba, ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya gama magana. Zauna. Idona ya tafi, ina so ka ara min naka."

Ya zaro hoton daga ƙarƙashin matashi ya miƙa masa, da gilashin ƙara girma. Tela ya goge hannu a cinya sau biyu kafin ya karɓa.

"Na tsakiyar nan dogo, da na dama, duk ɗinkin shekarar da aka ɗauki babana soja ne, ka ga ban raba gardama ba. Zuciyata dai tana ga dogon. Amma gajeren nan na hagu shi ya hana ni barci. Dubi wuyan kwat ɗinsa. Harshen da ake maƙalawa a maɓalli, kowa nasa ta hagu yake, shi nasa ta dama. Wuyan ma ya fi jikin duhu. Babu irinsa a littafi ko ɗaya. Gidan tarihi bakwai na rubuta wa, na ce musu akwai samfuri na huɗu da ba su sani ba. Uku suka amsa, suka ce za su duba."

Tela ya sa tabarau ya sunkuya. A ƙarƙashin gilashin hoton ya buɗe kamar taga. Ya ga rana ta wata tsohuwar shekara a kafaɗun mutanen, ya ga inuwar bishiyar da ba ta fito a hoton ba, har ya ji kamar warin yadi mai kauri da ya sha guga. Inda fuskoki suke sai farin hazo. Ya daɗe a wuyan gajeren, yana bin gefen da farcensa ba tare da ya taɓa ba. Can sai dariya ta so ƙwace masa, hawaye suka riga ta.

"Baba, wannan ai ba samfuri ba ne. Juyi ne."

"Me?"

"Wuyan ne ya cinye da gumi, aka farke shi aka juya, ciki ya dawo waje. Shi ya sa ya fi duhu, rana ba ta taɓa shi ba. In ka juya kuwa dole harshen ya koma ɗaya gefen. Kuma ba keke ba ne, dubi yadda ɗinkin ke ɗan karkacewa nan. Hannu ne, aikin gida."

'Yar ta matso daga bakin ƙofa. Idanun Malam na kan rufin ɗaki, amma ba rufin yake gani ba.

"Rigar makarantata," ya ce a hankali. "Duk shekara Inna sai ta juya min wuyanta. Ina jin kunya, yara na tsokanata. Tana zaune bakin ƙofa, zare a haƙori, ta ce, 'Tsaya mana, na babanka ma haka na yi masa ana jibi zai tafi, bai yi min wannan mutsu-mutsun ba.'" Ya ja numfashi. "Na manta. Wallahi na manta. Shekara ashirin ina tambayar masana, ashe tela na jikin katangata."

"Da ka nuna min tun tuni, Baba."

"Da ka ce gobe."

Suka yi dariya su uku, tasa tana fita da tari. Ya karɓi hoton ya kai shi dab da hancinsa, yana numfashi a kansa son ransa.

"Ashe gajere ne," ya ce. "Ni da nake ta ba shi tsawo." Sannan ya ce da 'yarsa, "Miƙo min fensir. Ku ba ni wuri kaɗan, ina da baƙo."

Tela ya koma shago, amma ya kasa taka keke. Tausayi ya cika shi, da kunyar duk goben da ya yi wa tsohon. La'asar ta yi sanyi lokacin da ya ji kukan 'yar ta bayan katanga, kuka marar ƙarfi, na wadda ta riga ta sani.

Washegari da ya shiga yi mata gaisuwa, ta kai shi ɗakin. An naɗe bargon, an buɗe taga. Hoton yana kan matashi, fensir a gefensa. A farin gefen da ke ƙarƙashin takalman gajeren soja, da rubutu mai rawa irin na ɗan aji ɗaya, an rubuta: Baba.