Akuyar Sadakin Hamdiya

A Bayan Kara aka haifi Zakiru, unguwar da ke jingine da kasuwar dabbobi ta Dakoro, wadda ko a Korahane tunkiya ta ɓace, nan jandarmomi ke fara zuwa gaisuwa. Yaran unguwar kan tashi mahauta, 'yan kamasho, ko baƙin gidan kaso. Zakiru ya tashi ɗan fim. Dattawa suka ce gara waɗancan ukun, don ko ba komai akwai abinci a cikinsu.

Shi ke rubutawa, shi ke ba da umarni, shi ne jarumi, shi ke wanke kayan 'yan wasa. Kamerarsa portabul ce, wato wayar hannu, mai tsagaggen gilashi. Fina-finansa ba su taɓa ganin sinima ba. Masu cajin waya na bakin tasha ke zuba wa mutane su a kart-memwar, gyara a kan waƙoƙi. Kuma a kowane fim sai ya mutu saboda so. Ya mutu a rijiya, ya mutu a gonar gero, ya taɓa mutuwa a kan amalanke jakin na ci gaba da tafiya.

Ƙa'idarsa guda ce: komai na gaske. Yakan ce fasaha ce, alhali kayan ƙarya ne ke da tsada. Jini daga mahauta, hawaye daga albasa. Ko suna ba a canza wa kowa, don 'yan Bayan Kara ba sa waiwayawa in an kira su da na aro.

Sai ga Hamdiya, ɗiyar Alhaji Kimba dillalin shanu. Tana wasan kwaikwayo a rediyon gari, Alhaji ya yarda don rediyo ba ya nuna fuska. Ranar da Zakiru ya fara jin muryarta, shayin hannunsa ya huce bai kurɓa ba, kuma a karon farko ya ji yana son ya rayu har ƙarshen labari. Suka saba, suka shaƙu. Ya tura manya.

"Bayan Kara?" in ji Alhaji. "Ko bijimi sai na san garken da ya hito kahin in tsaya mishi. Ku gaida gida."

Zakiru ya yi kuka, ba albasa. Sannan ya yi abin da ya iya, ya rubuta fim wanda jarumin zai auri masoyiyarsa, ko a waya ne ya ga abin da idonsa. Hamdiya ta yarda ta fito, a makon da Alhaji ya tafi sayen shanu Bader Goula, da sharaɗin ita za ta zaɓi mai wasan waliyyi.

"Baba Jafaru za ka ɗauka," ta ce. "Ya iya."

Ya iya kuwa. Jafaru tela ƙanen Alhaji ne, kuma a gidansu uba ba ya ba da ɗiyarsa da bakinsa, Jafaru ke bayarwa. Duk yayyen Hamdiya shi ya aurar da su. Ya daɗe yana son ganin kansa a waya, ya zo da babbar riga tun kafin a shimfiɗa tabarmi. Zakiru ya samo ladan don fatiha, mahauta suka zauna shaidu, kawunsa ya zama wakilin ango. Goro na gaske. Kuɗin ƙarya babu, don haka uwarsa ta ba shi jar akuyarta aka kafa sadaki.

"Muna nema wa ɗanmu Zakiru auren Hamdiya," in ji kawu.

"Na ba shi," in ji Jafaru, yana kallon kamera kamar za ta ba shi tukuici.

Aka shafa. Zakiru ya ce a sake don haske bai yi ba. Jafaru ya sake ba shi, da murya mafi ƙarfi. Da aka tashi, Hamdiya ta ja akuya ta yi gida, babban darakta yana ta duba hotuna bai lura ba.

A wayar wani makiyayi Alhaji ya ga fim ɗin, tsakiyar ciniki. Washegari ya tattara kowa zauren Liman Yusufu, Hamdiya na bayan labule.

"Malam, ka hwaɗa musu wasa ne!" in ji Alhaji.

"Wa ya bayar?" in ji Liman.

"Wanga sakaran," in ji Alhaji, yana nuna Jafaru.

"Shi ka ba da ɗiyan gidanku?"

"Shi ne, amma..."

"Ka taɓa hana shi?"

"Yaya bai ce mini komi ba," in ji Jafaru. "Kuma kowa ya ce na hito da kyau."

"Shaidu hwa?"

"Mahautan Bayan Kara! Su ne shaidu?"

"Bayana suka yi Juma'a, Alhaji. Sadaki?"

"Akuya ce ta wasa."

"Tana ɗaure bayan rumbu, Baba," muryar rediyo ta fito daga labule. "Nononta anka dama maka hura da shi yau da sahe. Har ka ce a ƙara."

Liman ya daɗe yana gyara rawani, yana ɓoye dariya. Ya tambayi Hamdiya ko da yardarta, ta ce tun kafin akuya. Ya ce shi dai a saninsa ba a wasa da aure, wannan ya ɗauru, har sau biyu ma. Mai kwance shi mutum ɗaya ne, ango.

Alhaji dillali ne, ya san kowace dabba da farashinta. Ya juya ga Zakiru, murya ta yi laushi.

"Yaro, akwai kamera a Maradi, irin mai ƙahwa ukku. Gobe in sawo maka. Kalma guda za ka hwaɗi."

Zakiru ya lumshe ido. Ya ga kamerar, baƙa, mai sheƙi, gilashinta ba tsaga. Ya ga sunansa a bangon Yamai. Jinkirin bai yi tsawo ba, amma ya isa Hamdiya ta riƙa tuna masa da shi har tsufa.

"Alhaji," ya ce, "na mutu saboda mata da yawa, duk na ƙarya. Wagga ita ɗai na ka so in rayu da ita. A bar kamera ga mai shago."

"Allah shi isa," in ji Alhaji. Ya tashi, ya sa takalmin Jafaru cikin fushi, ya fita.

A bakin zaure Zakiru ya tare amaryarsa.

"Kin san haka za ta kasance?"

"Kai ka rubuta, malam darakta. Ni mutum guda na zaɓa."

Har yau da portabul ɗin yake aiki. Alhaji na ce wa abokan ciniki surukinsa ma'aikacin sadarwa ne. Jar akuya ta haihu biyu. 'Yan Bayan Kara kuwa sun ce fina-finan sun lalace, tunda yanzu duk inda jarumi ya kwanta zai mutu, sai matarsa ta leƙo ta ce ya tashi, riga ɗaya gare shi, kuma ita ke wanki.