Hular Shamsudeen a Kan Kyamara

Shekara uku ke nan Hafsatu tana ƙullace da Shamsudeen, kuma ba ta taɓa fasa gaishe shi ba. Shi ne shugaban direbobi a kamfanin tifofin da ke kai yashi wuraren gini. Shi ne kuma ya tsaya gaban manaja ya rantse cewa yayanta Zulkifli yana karkatar da yashi yana sayarwa. Aka kori Zulkifli. Daga unguwar Nima har ta Maamobi aka laƙaba masa "Ɓarawon Yashi", mutumin da ko goro ba ya ɗauka sai an miƙa masa.

Shi kuwa gogan naka Shamsudeen sai shan addu'a yake yi, don kowane wata yakan sauke tifa guda ta yashi a masallacin da unguwa ke ginawa. Har allo aka kafa da sunansa a bangon masallacin. Zulkifli, da ba shi da aikin yi, shi ke ɗibar yashin nan a kwano yana kai wa magina, fisabilillahi.

Da kamfani ya saka kyamarori a tifofi, aka nemi mai zama a ofis tana duba abin da suka ɗauka. Hafsatu ta nema, ta samu, ta zauna tana jira. Direbobi sun riga sun gano dabara: in za a yi abin da ba a so a gani, sai a cire hula a kifa wa kyamarar. Ba wanda ya gaya musu cewa abin yana da kunne.

Wata Talata hoton tifa ta tara ya yi baƙi ƙirin. Hafsatu ta ƙara sauti, sai ga muryar Shamsudeen yana lallashin sabon direba.

"Cale, abokina, juya masallaci ka zube. Kar ka ji tsoro. In sun ƙirga bai cika ba, za mu samu wani Zulkifli."

Har da dariya. Sau biyar ta saurara, daɗi da baƙin ciki suka cakuɗe mata, sannan ta kwafe muryar a wayarta.

Ranar Alhamis ta kunna wa manaja ya ji, amma ba korar Shamsudeen ce ta dame ta ba. Ranar Juma'a bayan an idar da salla, dattawan ginin masallaci suna zaune a inuwa, Shamsudeen a tsakiyarsu, ta durƙusa ta gaishe su.

"Baba Liman, ku ji sadakar Alhaji Shamsudeen da bakinsa."

Ta danna waya. Da aka zo sunan Zulkifli, Shamsudeen ya kai hannu ya cire hularsa, ya rasa inda zai kifa ta.

Liman ya dubi bangon. Sannan ya ce a kira Zulkifli, a ba shi guduma ya cire allon.

Zulkifli ya zo, ya dubi tarin yashin da ya yi shekara uku yana ɗiba da kansa.

"Ashe dai na ɗauki yashin sata," in ji shi. Ya ɗaga gudumar.