Karan da Aka Yi wa Jaji Alkawari

A kasuwar Bunkure aka ƙulla maganar, gindin tsamiyar da ake ɗaure jakuna, aka kira ni shaida don na san su duka biyun. Maikuɗi manomi ne a garinmu, yana da babbar gona gabas da gari wadda ta soma gajiya. Jaji Bafulatani ne, tun kakanni shanunsu ke kwana a gonakinmu da rani.

"Kaɗo, gonarka ta yi fari kamar kan tsoho," in ji Jaji. "Ko ƙaya ta ƙi fitowa."

"Shanunka fa? Jiya na hangi wata, na zaci tsani aka jingine."

"Aradu kashinsu ya fi dawarka daraja."

"To kawo kashin mu gani."

Aka tsaya a kan cewa Jaji zai kafa mashekari a gonar duk bazara, shanu su kwana ciki, yana matsar da su daga wannan gefe zuwa wancan har taki ya game ta. Da kaka, in an yanke dawa, kara da ganye da harawar waken da aka shuka a tsakani duk na Jaji ne. Ba kwabo a ciki. Haka aka saba yi, gona ta ciyar da saniya, saniya ta ciyar da gona, ba abin da ke zuba a banza. Suka raba goro, aka shafa fatiha.

Jaji ya cika nasa. Wasu manoma daga Kura suka neme shi, har da alkawarin dami, ya ce ya riga ya ci goron wani. Da ruwa ya sauka ya kaɗa shanunsa daji, kamar yadda suke yi don kada su shiga shuka, sai kaka a dawo.

Daminar ta zo da rowa, ta kuma ɗauke da wuri. Ciyawa ta bushe tun ba a yanke gero ba. Dawar mutane ta tsaya iya ƙugu, ta Maikuɗi kuwa, da yake taki ya riƙe laima, ta shanye kan mutum.

Shekarar ce ruwan madatsar Tiga ya iso sashenmu. Malamin gona ya zo bisa babur ya tara mu, ya ce alkama za a shuka, kuma alkama ba ta jiran kowa, sanyi take bi. Tantan, wato motar noma, zai nome sashen gaba ɗaya. Gonar da ya tarar da kara tsaye zai tsallake ta, ba ita ba ruwa sai baɗi. Taki kuma hukuma za ta kawo a buhu.

Na sami Maikuɗi bayan ya yanke dawa, na ce, "Jaji na hanya. Kira gayya a sare karan nan a jibge masa a bakin rafi."

"In tara mutane in tuƙa musu tuwo saboda saniya? Taki yanzu a buhu yake zuwa, fari tas, ba wari."

Sammani, mahaucin garinmu, mutum ne mai ganin nesa. Da ya ji manoma na shirin cinna wa kara wuta, ya bi gona gona da jakuna yana roƙon kara, yana tarawa bayan gidansa har tsibi ya wuce danga. Mutane na ba shi suna dariya. Ya zo wa Maikuɗi ina tsaye.

"Bar ni in kwashe da kaina. Rabi nawa, rabi in ajiye wa Jaji."

"Ba nawa ba ne da zan ba ka."

"Amma naka ne da za ka ƙone?"

"In na ba ka, gobe a kasuwa a ce Maikuɗi ya ɗauki kayan amana ya ba mahauci. In wuta ta ci, hukuma ce ta ce a share."

Kun ji lissafin. Kunyar a ce ya ba wani ta fi masa nauyi a kan yunwar shanun. Washegari da hantsi ya cinna wuta daga yamma, iska ta yi sauran aikin. Harawa ba ta ƙonewa shiru, ƙamshinta har cikin gari.

Jaji ya iso bayan tantan ya wuce. Shanu sun yi tafiya mai nisa da ciki wofi, suka nufi gonar da kansu don sun san ta. Suka tarar da kanal, sabuwar hanyar ruwa, a gabansu, da maigadi da sanda yana cewa dabba ba ta ƙetarewa. Jaji ya ƙetara shi kaɗai, ya sami Maikuɗi a gonar, ya duƙa ya ɗebi ƙasa, baƙa da toka.

"Maikuɗi, ina karana?"

Ranar bai ce masa Kaɗo ba, kuma duk wanda ke wurin ya lura.

"Hukuma ce, Jaji. Ka san ba a ja da ita."

"Hukuma ce ta ci gorona a gindin tsamiya?"

Maikuɗi ya hau gyara hula.

"Kashin shanuna na cikin rumbunka," in ji Jaji. Ya kakkaɓe hannu ya juya.

Ya zaga ko'ina, babu kara, wanda bai ƙone ba yana bayan gidan Sammani. Shanu suka fara kwanciya ba sa tashi. Sammani ya saye waɗanda suka kasa, a kan abin da bai fi darajar fata ba, ya tayar da su da karan da ya samu kyauta. Jaji ya kaɗa ragowar ya yi kudu. Matarsa Iyatu, mai kawo mana nono tana karɓar dusa, ba mu sake ganin ƙwaryarta ba.

Alkama ta yi kyau da fari, ba zan ɓoye ba. Maikuɗi ya sayi rediyo, ya yi rufin kwano. Daga baya ƙasa ta soma tauri kamar daɓe, in ka zuba farin taki ta sha ta nemi ƙari. Buhun kuma wata shekara ya zo, wata shekara sai an yi girbi a ji labarinsa. Malamin gona da bakinsa ya ce gonar takin gargajiya take so.

Ina ake samun kashin shanu? A garken Sammani. Yanzu can Maikuɗi ke zuwa da tsoffin buhunan takin zamani, a cika masa, ya biya, jikokin shanun Jaji na kallonsa suna tuƙa.

Sammani ya ci riba sau biyu, ta kara da ta kashi. Jaji ya rasa rabin garke da ƙasar da aka binne iyayensa. Maikuɗi kuwa har yau in an tayar da zancen cewa yake bai taɓa ba wani kayan amana ba, kuma gaskiya ne, bai ba kowa ba.