Kullum Kashi Ɗaya

Shekara ashirin da shida ina kula da masu jego a garin Kuantan na ƙasar Malesiya, kuma ba wadda ta taɓa karya mini kwana arba'in da huɗun zaman ɗaki. Makamaina uku ne: zanen ɗaure ciki, dutsen gasa jiki, da tsohon akwatin faya-fayai na wani wasan talabijin mai kashi arba'in da huɗu cif. Kullum kashi ɗaya, bayan azahar. Na'urar kunna su ma tawa ce.

Syafinaz ce ta so kunyata ni. Haihuwar fari, ɗinki ɗanye, miji yana teku wurin haƙar mai. Ranar da na zo ta dubi akwatin ta kwashe da dariya.

"Mak Yah, wa ke kallon faifai yanzu? Komai yana waya."

Na ƙyale ta. Wasannin zamani ai kashi takwas ne, kafin ki riƙe sunan jaruma an aurar da ita an tashi. Cikin mako guda ta cinye wasanni huɗu a waya, ta koma kallon silin. Rana ta tara na same ta da makullin mota, wai za ta leƙa ofis. Raina ya ɓaci, don na san abin da fitar wuri ke yi wa ɗinki.

Na kunna kashi na ɗaya, na zauna ina ɓare citta. Tana tsaye a bakin ƙofa, makulli a hannu, har can ta ce, "Me ya sa matar nan ke ɓoye wasiƙar?"

"Ke da ke da ofis, ina ruwanki?"

Ta zauna a hannun kujera. Da ya ƙare ta ce in sa na biyu.

"Gobe."

"Haba Mak Yah, don Allah!"

"Gobe, 'yar nan. In kin shanye romon kifin."

Ta bincike wayar kaf, ba ta sami wasan ba. Ba wanda ya damu ya ɗora shi can. Daga ranar ta nutsu. Ta ci, ta yi barci, ta zagi mugun surukin wasan tana shayar da jaririya, ɗinki ya haɗe.

Ranar arba'in da huɗu na haɗa jakata. Da yake mun fara a makare, saura kashi takwas. Sai na yi abin da ban taɓa yi wa kowa ba, na tura mata akwatin da na'urar.

"Takwas ai wasa guda ne a wurinku. Cinye su yau, zan aiko a karɓa."

Ta dubi akwatin, ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ta miƙa mini jaririyar, ta ɗauki jakata ta mayar ɗaki.

"Kullum ɗaya, Mak Yah," ta ce. "Ke kika kafa dokar."